Yadda Aka Koya wa Haske Saiti

Cikin shekarar 1895 wani Bajamushe, Röntgen, ya gano wani haske mai ratsa jikin mutum. Ba a daɗe ba likitoci suka shiga gasa ciwon daji da shi. Amma fa hasken nan bai san na gida ba: ya ƙone ciwo, ya ƙone lafiyayyen nama, har waɗansu likitocin suka rasa yatsunsu.

Cikin 1951 aka fara aiki da injin kobalt a Kanada, wanda haskensa ke kaiwa can ciki, bai cika cin fata ba. Daga baya Takahashi, wani likitan Japan, ya jera 'yan sandunan ƙarfe a bakin inji, a tura wannan, a ja wancan, har haske ya fito da siffar ciwon sak. Duk da haka da kirdado ake saiti, sai da hoton CT ya zo cikin 1971, sa'an nan aka riƙa ganin iyakar ciwo sosai.

Yau mutumin Garu ta Illela yakan yi tafiyar kamar mil 50 zuwa asibitin koyarwa na Sakkwato neman wannan magani. Maƙwabcinsa na Ƙonni kuwa sai Yamai, inda aka fara gashin cikin 2021. Abin takaici, da yawa ba su zuwa sai ciwo ya bazu, ba sauran wuri guda da za a saita.