Yadda Ƙawancen Ƙasashen Sahel Ya Samo Asali

Wutar ta taso ne daga Libiya. Da aka kashe Gaddafi a Oktoban 2011, mayaƙan Abzinawa da suka yi masa aiki suka keto hamada da makamansu zuwa arewacin Mali. A farkon Afrilun 2012 Kidal da Gao da Timbuktu duk sun suɓuce wa gwamnati, sojojin da ya kamata su kare su kuwa suna Bamako sun yi juyin mulki.

Faransa ta shigo a Janairun 2013, ta fatattaki masu iƙirarin jihadin da suka mamaye biranen daga baya, jama'a suka tarbe ta da tutoci. Murnar ba ta daɗe ba. 'Yan bindigar suka watsu cikin daji, suka kafa sansani a Liptako-Gourma, mahaɗar iyakokin Mali da Burkina Faso da Nijar. A Inates kaɗai, cikin Disamban 2019, sojojin Nijar 71 suka kwanta dama a hari guda. Talakan da aka kore wa shanu ya fara tambaya: ina amfanin jiragen baƙin da ke shawagi a kansa?

Wannan fushin ne sojoji suka hau. Assimi Goita ya karɓe Mali, Ibrahim Traore ya kama Burkina Faso a 2022, sannan Janar Abdourahamane Tiani ya kifar da shugaban Nijar Mohamed Bazoum ranar 26 ga Yulin 2023.

A nan ECOWAS ta tafka kuskure. Ta yi barazanar kai yaƙi Nijar, Najeriya ta yanke wutar lantarki, aka garƙame iyaka. Manyan motoci suka yi jerin gwano tsakanin Illela da Ƙonni, albasa na ruɓewa cikin buhuna, dangin juna suka koma bin hanyoyin daji a kan babura. Bamako da Wagadugu suka ce wanda ya taɓa Nijar ya taɓa su, kuma ranar 16 ga Satumban 2023 ƙasashen uku suka sa hannu a yarjejeniyar kare juna, wadda ta kafa Ƙawancen Ƙasashen Sahel.

Sauran ya zo da sauri. Sojojin Faransa sun bar Nijar a Disamban 2023, Amurka ta miƙa sansaninta na Agadas a 2024, masu horarwa daga Rasha suka sauka a Yamai. Ranar 29 ga Janairun 2025 ficewar ƙasashen uku daga ECOWAS ta tabbata, alhali a ƙauyukan Tillaberi ba a daina jana'izar waɗanda 'yan bindiga suka kashe ba.