Daga Sassaƙen Tuffa Zuwa Ƙwayar Ciwon Suga

Abin da ya sa na tono wannan tarihi wata 'yar gardama ce da muka yi da kawuna. Shekara shida ke nan yana fama da ciwon suga, rannan na je gaishe shi na tarar ya jingine ƙwayoyin asibiti ya koma shan jiƙon sassaƙen maɗaci safe da yamma. Da na yi magana sai ya ce, "Kai yaro, su Turawan daga ina suka samo nasu in ba daga itace ba?" Na rasa ta cewa, domin kuwa ɗaya daga cikin ƙwayoyin da ya jingine ɗin asalinta itace ne.

A shekarar 1835 wani masanin haɗa sinadarai ɗan ƙasar Beljiyam mai suna De Koninck ya tace wani sinadari mai ɗaci daga ɓawon saiwar bishiyar tuffa, aka sa masa suna filorizin. Da yake a zamanin kwinin da ake samu daga ɓawon itace shi ne sarkin maganin zazzaɓi, sai aka zaci wannan ma ɗan'uwansa ne, tunda ga ɗaci. Ka ga ke nan ba mu kaɗai ne ke auna magani da ɗacinsa ba. Aka gwada, bai yi wani abin kirki ba.

Sai a 1886 wani likita Bajamushe, Josef von Mering, ya ba karnuka shi, ya ga suga na fita a fitsarinsu. To suga a fitsari ai shi ne alamar cutar, don haka aka ɗauke shi a matsayin abin da ke jawo ciwon, aka yi shekaru ana ɗura wa dabbobi shi don kwaikwayon cutar a ɗakin bincike. Daga baya aka gane ainihin aikinsa. Ƙodar mutum tana tace kimanin giram 180 na suga a kullum, sannan ta mayar da kusan dukkansa cikin jini. Shi filorizin wannan hanyar komawar yake toshewa, sai sugan ya bi fitsari.

A 1987 masu bincike a Jami'ar Yale ta Amurka suka nuna yana sauke sugan ɓeraye masu ciwon. Amma fa ba a iya ba mutane shi ba, saboda in aka sha ta baki hanji na farfasa shi kafin ya isa jini, ga shi kuma yana hana hanjin tsotsar suga har ya sa gudawa. Sai da aka sake fasalin ƙwayar sinadarin kafin aka sami dapagliflozin, wanda Tarayyar Turai ta amince da shi a 2012. Mai karatu ya lissafa, shekara 177 ke nan.

Wannan ne ke faɗo mini a rai duk sa'ad da na ji an ce bincike ya gano zogale ko maɗaci na sauke suga, ko suna ɗauke da sinadaran da ke kare ƙwayoyin jiki daga lalacewa. Ba ƙarya ba ne, ana ganin hakan a kwalba da jikin ɓera. A ganina dai maɗaci yana inda tuffa take a 1987, ba mu san me hanji da hanta da ƙodar mutum za su yi da shi ba, balle adadin da ya kamata a sha.

Da na koma na kwashe duk wannan na faɗa wa kawu, ya yi shiru, can ya ce shi ba shi da shekara 177 ta jira. Ya koma kan ƙwayarsa, ya kuma yarda zai faɗa wa likita batun jiƙon ranar da zai je awon jini. Galan ɗin dai na nan ƙarƙashin gado, na gan shi da idona.