Horar da malaman ilimin halittu da noma a Najeriya

Horar da malaman ilimin halittu da noma shi ne tsarin da ake bi wajen shirya ɗalibai su zama malaman waɗannan darussa biyu a makarantun sakandare. A Najeriya, kwalejojin ilimi da tsangayoyin ilimi na jami'o'i ne ke gudanar da wannan horo.

Tarihi

Bayan rahoton Kwamitin Ashby na 1960, wanda ya nuna ƙarancin ƙwararrun malamai a ƙasar, an buɗe manyan kwalejojin horar da malamai, ciki har da na Kano da Zariya, kuma aka fara bayar da takardar shaidar malanta ta NCE. A 1989 aka kafa hukumar NCCE domin kula da kwalejojin ilimi da tsara manhajarsu. A 1993 kuma aka yi dokar kafa TRCN, majalisar da ke yi wa malamai rajista.

Matakan karatu

Karatun NCE shekara 3 ne, kuma ita ce mafi ƙarancin takardar da ake koyarwa da ita. Mai NCE yakan koyar a firamare da ƙaramar sakandare, babbar sakandare kuwa an fi neman mai digiri. Digirin ilimi shekara 4 ne, amma mai NCE yana iya farawa daga aji 2 na jami'a. Wanda ya yi digiri a kimiyya ko noma ba tare da fannin koyarwa ba yakan ƙara da difloma ta PGDE.

Abin da ake koya

A matakin NCE ana haɗa ilimin halittu da wani darasi, kamar kimiyyar sinadarai, shi kuwa noma shi kaɗai ake karanta shi. Ɗalibin ilimin halittu yana nazarin ƙwayoyin halitta, tsirrai, dabbobi, gado da muhalli. Ɗalibin noma yana koyon nazarin ƙasa, noman amfanin gona, kiwo, tattalin arzikin noma da aikin malamin gona. Dukansu suna ɗaukar darussan dabarun koyarwa da halayyar yara. Kafin kammalawa, ana tura su makarantu su yi koyarwar gwaji, malamansu na zuwa suna duba su.

Muhimmancin aikin hannu

Jarrabawar WAEC da ta NECO suna da takardar aikin hannu a darussan biyu, inda ake ajiye wa ɗalibi samfura kamar iri, taki, ƙwari ko ƙashi domin ya gane su ya yi bayani. Saboda haka horon yana buƙatar ɗakin gwaje-gwaje da gonar makaranta. Malamin da bai saba da madubin duba ƙananan halittu ko auna ƙasa ba yakan koma ga rubutu a allo da hadda, ɗalibansa kuma su sha wuya a wannan takarda.