Wa Ke da Haƙƙi? Ruɗanin Mallaka da Sanin Marubuci a Buɗaɗɗun Manhajoji

Tsakure

Wannan maƙala ta nazarci matsalar tantance mai haƙƙin mallaka a manhajojin da ake rubutawa a fili, waɗanda kowa ke iya karanta tushensu ya kuma yi musu ƙari. An duba ƙa'idojin ayyukan Linux da Bitcoin da OpenSSL, tare da hukunce-hukuncen kotunan Amurka da Jamus da Ingila. Binciken ya nuna cewa tilasta wa masu ba da gudummawa bayyana sunayensu na gaskiya ba ya warware rikicin mallaka. Abin da kotu ke nema shi ne hujjar da ke ɗaure mutum da ainihin layukan da ya rubuta.

1.0 Gabatarwa

Lasisin buɗaɗɗiyar manhaja izini ne, izini kuwa sai mai abu ke iya bayarwa. Kotuna sun daɗe da amincewa da ƙarfin waɗannan lasisai: kotun Munich ta tabbatar da sharuɗɗan lasisin GPL a ƙarar da Harald Welte ya kai kamfanin Sitecom a 2004, haka ma wata kotun ɗaukaka ƙara ta tarayyar Amurka ta yi wa wani lasisin daban a shari'ar Jacobsen da Katzer a 2008. Saura tambayar da ta fi wuya, wato wane ne ya bayar da izinin, kuma yana da hurumin bayarwa? Ma'aikacin kamfani na iya tura rubutun da doka ta ce na kamfaninsa ne, ba nasa ba. Wani kuma ya kwafo daga wani wuri ya manta asalinsa.

2.0 Mallakar da ta Warwatsu

Gidauniyar FSF ta ɗauki tafarkin tattara mallaka, inda marubuci ke sa hannu ya miƙa mata haƙƙinsa. Gidauniyar Apache tana karɓar yarjejeniyar izini ne kawai, marubuci ya ci gaba da riƙe nasa. Linux, wanda Linus Torvalds ya fara a 1991, bai bi ko ɗaya ba. Kowa na riƙe da abin da ya rubuta, don haka masu haƙƙi sun kai dubbai, tamkar gonar gadon da magada suka yi yawa har ba a san adadinsu ba.

Raunin wannan tsari ya fito fili a Maris 2003, lokacin da kamfanin SCO ya maka IBM a kotu bisa zargin an zuba rubutun Unix cikin Linux. A 2010, a wata shari'a daban, masu taimaka wa alƙali suka yanke cewa haƙƙin Unix na kamfanin Novell ne, ba na SCO ba. Amma tun a 2004 masu Linux suka ɗauki darasi, suka fito da takardar shaidar asali da ake kira DCO. Da layi ɗaya mai ɗauke da suna da adireshin imel, mai gudummawa yana shaida cewa shi ya rubuta, ko yana da ikon turawa, ko ya karɓo daga wanda ya yi irin wannan shaida, kuma ya yarda a adana bayaninsa har abada. Ya kamata a lura cewa wannan iƙirari ne kawai, ba wanda ke bincikarsa. Duk da haka sauƙinsa ya ja hankali, har aikin GCC ya daina wajabta miƙa haƙƙi ga FSF a 2021.

3.0 Sanannen Suna, Raunin Hujja

Shari'ar Christoph Hellwig ita ce ta fi haskaka batun. Hellwig fitaccen marubucin Linux ne, sunansa na ko'ina a tarihin aikin. A 2015 ya kai kamfanin VMware ƙara a Hamburg, yana zargin an haɗa rubutunsa da manhajar kamfanin mai suna ESXi ba tare da bin GPL ba. Kotu ta kori ƙarar a 2016 ba tare da ta taɓa ainihin zargin ba. Dalilinta shi ne mai ƙara bai fayyace waɗanne layuka ne nasa ba, bai kuma nuna sun kai matakin ƙirƙirar da doka ke karewa ba. Nuna wa alƙali rumbun Git mai adana tarihin aikin a ce ya duba bai wadatar ba. Ɗaukaka ƙarar ma ta faɗi a 2019. Matsalar a nan ta ɗabi'ar aikin ce: layin da mutum ya rubuta yau, wasu goma na iya gyara shi kafin shekara ta zagayo, har a rasa inda hannun na farko ya tsaya.

Ta ɗaya gefen kuma, Patrick McHardy, tsohon jagora a aikin Netfilter, ya yi amfani da kasonsa na rubutun Linux yana neman kuɗi daga kamfanoni a Jamus. A 2018 kotun ɗaukaka ƙara ta Cologne ta nuna shakku kan ɗaukarsa a matsayin abokin mallakar Linux baki ɗaya, sai ya janye buƙatarsa a kan kamfanin Geniatech. Sasanci da abokan aikinsa na Netfilter kan wannan batu bai samu ba sai a Janairun 2022. A shari'un biyu babu wanda ya yi tantamar sunan kowa. Iyakar kason kowa ce ta gagara.

4.0 Sunan Aro

Yarjejeniyar Berne ta amince da aikin da aka fitar da sunan aro ko ba suna, ta ba shi kariyar aƙalla shekara 50 daga fitowarsa, ta kuma ɗora wa mawallafi wakilcin marubucin. Sai dai wannan tanadi na zamanin maɗaba'a ne. A rumbun manhaja na intanet, wa zai tsaya a matsayin mawallafi?

Bitcoin ya nuna illar wannan giɓi. Satoshi Nakamoto ya saki manhajar a 2009 ƙarƙashin lasisin MIT, daga baya ya ɓace. Craig Wright ya yi iƙirarin shi ne Satoshi, har ya yi rajistar haƙƙin aikin a ofishin haƙƙin mallaka na Amurka a 2019, ofishin da ya bayyana cewa ba ya binciken gaskiyar irin wannan iƙirari. A 2021 ya yi nasara a Landan kan mai kula da shafin bitcoin.org, wanda aka sani da laƙabin Cøbra, domin kare kai na buƙatar Cøbra ya tona asalinsa, shi kuwa ya ƙi. Sai a Maris 2024 Mai Shari'a Mellor ya yanke cewa Wright ba Satoshi ba ne. Ke nan ɓoye suna ya buɗe wa mai da'awar ƙarya ƙofa, ya kuma ɗaure hannun mai kare kansa.

Wannan bai sa dokar "sai da sunan gaskiya" ta zama magani ba. Wanda ya dasa ɓoyayyiyar ƙofa a manhajar XZ, da aka gano a Maris 2024, ya yi shekaru yana aiki da suna mai kama da na gaske, Jia Tan. Masu Linux ma sun sassauta ƙa'idarsu ta sunan gaskiya a 2023, suka koma neman mutumin da aka san shi ko da laƙabi yake amfani da shi.

5.0 Sauya Lasisi

Inda rashin sanin marubuta ya fi ciwo shi ne ranar da aiki ya so sauya lasisi, domin sai an nemi yardar kowa. Mozilla ta fara wannan nema a 2001, ba ta kammala ba sai 2006, kuma ta cire ko ta sake rubuta abin da ba a sami yardar masu shi ba. OpenSSL kuwa, da ya nufi lasisin Apache a 2017, ya sanar da marubuta cewa wanda bai amsa ba za a ɗauka ya yarda. A ganin wannan maƙala matakin na da rauni, domin saƙon da aka aika tsohon adireshi ba ya nuna mai shi ya karanta, kuma idan marubucin ya rasu, haƙƙin ya koma hannun magadan da watakila ba su taɓa jin sunan aikin ba.