Allurar da ke daskarar da jini da gangan

Idan hanta ta taurare, jinin da ke fitowa daga hanji yakan rasa hanyar wucewa, sai ya karkata zuwa ƙananan jijiyoyin da ke ƙasan bututun abinci. Jijiyoyin su kumbura, wata rana ɗaya ta fashe, mutum ya yi ta aman jini. Abin da ya ƙara tsananta lamarin shi ne hantar nan ita ce ke sarrafa yawancin sinadaran daskarar da jini, ga kuma saifa ta kumbura tana riƙe ƙwayoyin jinin da ke toshe rauni.

A 1939 wasu likitoci biyu a Sitokholm ta ƙasar Suwidin, Clarence Crafoord da Paul Frenckner, suka ba da rahoton wata dabara. Sun zura bututun ƙarfe ta baki, suka yi wa jijiyoyin allurar kwinin. Maganin yana ƙona bangon jijiya daga ciki, jini ya daskare a wurin, daga baya tabo ya toshe ta. Dabarar ba ta yi tashe ba, domin daga 1945 hankalin likitoci ya koma kan tiyatar karkatar da jini ya bar bin hanta. Tiyatar ta rage zubar jini, amma marasa lafiya da yawa sai suka riƙa ruɗewa, saboda gubar da hanta ke tacewa tana isa ƙwaƙwalwa kai tsaye.

Rahoton Johnston da Rodgers daga Belfas a 1973, da aikin John Terblanche a Kef Tawun, su suka dawo da allurar, sannan na'urar leƙa ciki mai lanƙwasa ta sauƙaƙa aikin. Aka bar kwinin, aka koma su ethanolamine da polidocanol.

Nan ne matsalar daskarewar jini ta taso da gaske. Maganin ba ya tsayawa cak inda aka zuba shi. Wani kaso yana bin jini. An ga ƙwayoyin toshe rauni suna raguwa na ɗan lokaci bayan allura, wasu marasa lafiya kuma gudan jini ya toshe musu babbar jijiyar hanta. Ethanolamine yana fasa jajayen ƙwayoyin jini, har fitsari ya yi ja, shi ya sa likitocin Japan ke haɗawa da haptoglobin don kare ƙoda. Ga kuma gyambon da allurar ke bari, wanda shi ma yakan yi jini.

A 1986 Greg Stiegmann na Amurka ya fito da ɗaure jijiyar da zoben roba, wanda ba ya sa komai cikin jini. Wani gwaji da aka buga a 1992 ya nuna illar zoben ba ta kai ta allura ba, kuma yau shi ne zaɓin farko. Allura ba ta mutu ba dai. Jijiyoyin da suka kumbura a cikin tumbi har yanzu gam ake ɗura musu, dabarar da Nib Soehendra ya yaɗa daga Hambug, gam ɗin kuwa yana sandarewa da ya haɗu da jini, ko da jinin mai shi ba ya daskarewa.