Tarihin Nazarin "Kai" da "Fi" a Hausa: Misalai daga Damargu

A watan Janairu na 1851 Heinrich Barth ya ratsa Damargu tare da ayarin gishiri, yana tattara kalmomin Hausa. Aikin wannan zamani, har da nahawun J. F. Schön na 1862, bai wuce tara kalmomi da auna su da ma'aunin harsunan Turai ba. Abubuwa biyu sun ƙi shiga wannan awo.

Na farko shi ne kwatanci. Turanci yana canza siffar sifa, Hausa kuwa aikatau take sawa. Manomi a kasuwar Gangara zai ce "gero ya fi dawa tsada", ko kuwa "dawa ba ta kai gero tsada ba". Sai a 1985 Leon Stassen ya nuna cewa wannan hanya ce ta harsuna da yawa, musamman a Afirka, don haka ba naƙasa ba ce. Kafin nan, a 1976, M. J. Cresswell ya kawo ra'ayin cewa mizani ake kwatantawa, wato matsayin kowane abu a kan sikeli guda. Hausa ta fito da wannan fili, domin "tsada" suna ne da ke faɗin sikelin, har a iya ƙara tazarar: "ya fi ta tsada da dala goma".

Na biyu ya fi wuya. Idan aka ce "Musa ya cuci kansa", mutum ɗaya ne. A "Musa ya cuce shi" kuwa dole mutum biyu ne. (Wannan "kai" na jiki ne, karin sautinsa dabam da na aikatau ɗin da ya gabata. Buzaye maƙwabta kalmar "iman", wato rai, suke amfani da ita.) A 1981 Noam Chomsky ya tsara ƙa'idar cewa wakilin suna na yau da kullum ba ya komawa ga aikau na jimlarsa. Laurice Tuller ta gwada wannan tsari a kan Hausa a 1986. Sai dai ga "Talatu ta gan ta a madubi", inda mai gani da wadda aka gani suna iya zama mutum ɗaya. Aikatau irin su "gani" da "sani" suna yarda da haka, "cuta" da "kashe" ba sa yarda. Ke nan ma'anar aikatau ce ke yanke hukunci a nan, abin da tsarin jimla kaɗai bai iya bayyanawa ba.