Sa-ɗaka da Iya: Matan Fada a Tsakanin Katsina da Maraɗi

Yankin Jibiya, inda garin Kusa yake, kuma inda hanyar Katsina take ratsa iyaka ta nufi Ɗan Isa da Maraɗi, ya shafe mafi yawan ƙarni na 19 yana tsakanin fadoji biyu masu da'awar sarauta ɗaya, wato fadar birnin Katsina wadda ta koma hannun masu jihadi, da fadar Maraɗi inda zuriyar sarakunan Haɓe suka sake kafa mulki ba tare da sun saki sunan Sarkin Katsina ba. Tarihin wannan zamani da aka saba karantawa tarihin maza ne, na sarakuna da kauraye da ranakun yaƙi, alhali kuwa gidajen sarautar biyu sun dogara ga wasu mata iri biyu da ba a cika kawo su a lissafi ba. Iri na farko su ne ƙwaraƙwarai, waɗanda ake kuma kira sa-ɗaka, wato bayi mata da sarki ya keɓe wa kansa bisa hukuncin mallaka. Iri na biyu kuwa su ne 'ya'yan sarauta masu riƙe da muƙami na kansu, kamar Iya a Maraɗi da Inna a Gobir. Idan aka jera waɗannan mata kusa da takwarorinsu na fadojin Turai, sai a ga cewa abin da Turawa suka haɗa a jikin mace guda, wato kusanci da sarki da kuma iko a bainar jama'a, Hausawa sun raba shi gida biyu, kowane da ƙa'idarsa da ribarsa da kuma ɗacinsa.

Rabuwar gidan Katsina ta faro ne a wajejen 1807, lokacin da mayaƙan jihadi suka ci birnin, Ummarun Dallaje ya zama sarki, Sarkin Haɓe Magajin Halidu kuma ya rasu a Ɗankama bayan an fatattaki rundunarsa. Waɗanda suka tsira sun taru a ƙarƙashin Ɗan Kasawa, suka zauna a kwarin Gulbin Maraɗi a wajejen 1819, kuma daga nan ne suka riƙa kai hari kudu har tsawon ƙarnin. Ko da Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya karya haɗakar Gobirawa da Katsinawan Maraɗi da Azbinawa a Gawakuke a 1836, wutar ba ta mutu ba, domin Gobirawa sun kafa Tsibiri kusa da Maraɗi, sannan a zamanin Sarki Ɗan Baskore hare-haren Maraɗi suka yi tsanani ƙwarai a ƙasar Katsina. Matafiyin nan Bajamushe, Heinrich Barth, wanda ya biyo ta Tasawa da Gazawa ya shiga Katsina a 1851, ya tarar da daji mai hatsari a tsakanin ƙasashen biyu, ya kuma ga birnin ya ragu sosai daga bunƙasarsa ta da.

A irin wannan yaƙi na kan iyaka ganima mafi daraja ita ce mutane, kuma a cikin mutanen 'yan mata sun fi tsada. Mahara kan faɗa wa ƙauye da asuba ko su tare mutane a gona da bakin rijiya, mazan da suka yi turjiya a kashe su, mata da yara kuma a tasa ƙeyarsu zuwa gari, inda za a fitar da rabon sarki kafin mayaƙa su raba saura. Wadda danginta suke da hali akan fanshe ta, wadda ba ta da mai fansa kuwa sai ta faɗa kasuwa, ko a ba da ita kyauta ga wani basarake, ko a aika da ita cikin gaisuwar da ake kai wa manya. Shari'a ta haramta bautar da Musulmi ɗa, kuma wannan yana cikin laifuffukan da masu jihadi suka tuhumi sarakunan Haɓe da su, amma da yake kowane ɓangare yana ganin ɗayan a matsayin abokin gaba da jininsa da dukiyarsa suka halatta, mata da yawa 'ya'yan Musulmi sun shiga bauta ta wannan hanya, a kudu da arewa baki ɗaya.

Matsayin sa-ɗaka a cikin gida yana da ƙa'idoji sanannu a fiƙihun Malikiyya, kamar yadda suke a Risala ta Ibn Abi Zaid da Muhtasar na Halil, littattafan da alƙalan ƙasar Hausa suke hukunci da su. Ba a ɗaura mata aure, ba a biya mata sadaki, ba ta shiga cikin adadin mata huɗu da shari'a ta iyakance, ba ta da rabon kwana, kuma ba ta gadon maigidan idan ya mutu. Kafin ya kusance ta wajibi ne a yi istibra'i, wato a jira ta yi jini ɗaya domin a tabbata ba ta ɗauke da cikin wani. Amma da zarar ta haihu da shi sai hukuncinta ya sauya, ta zama ummul waladi, ma'ana uwar ɗan ubangijinta: daga ranar ba a sayar da ita, ba a kyautar da ita, ba a biyan bashi da ita, kuma ranar da ya rasu ta zama 'ya. Ɗan da ta haifa kuwa ɗa ne tun daga haihuwa, ana yanka masa rago ranar suna kamar kowane ɗa, yana cin gado daidai da ɗan uwargida, kuma babu wani hukunci da ya hana shi gadon sarauta. Malamai kan kafa hujja da Hajara mahaifiyar Annabi Isma'il, da Mariyatul Ƙibɗiyya mahaifiyar Ibrahim ɗan Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi.

A cikin gidan sarki rayuwar waɗannan mata tana tafiya ne bisa tsari mai hawa-hawa. Sabuwar shiga takan fara ne a hannun wata babba wadda za ta koya mata gaisuwa da durƙuso da yadda ake magana a gaban sarki, kuma ba ta zuwa turaka sai jakadiya ta zo ta kira ta, domin jakadu su ne ƙafa da bakin sarki a tsakanin cikin gida da waje. A ƙarƙashinta akwai kuyangi masu daka da ɗebo ruwa, a samanta akwai manyan sa-ɗaka masu kula da sassan gida, a bakin ƙofofi kuma akwai babanni, wato bayin da aka dandaƙe domin tsaron gidan. Binciken da Heidi Nast ta yi a Gidan Rumfa na Kano, wanda ya fito a littafi a 2005, ya nuna cewa manyan ƙwaraƙwarai ne suke kula da hatsin da ke shigowa fada daga ƙauyuka da rumbunan da ake zuba shi, kuma a zamanin da har rini da baba suna yi a cikin gidan. Ke nan mace da aka kamo daga wani yanki takan zama idon sarki a kan wannan yanki, tunda ta san harshen mutanensa da gonakinsu da manyansu.

Littafin Tarihin Kano, wanda ya saba ambatar sunan mahaifiyar sarki tare da nasa, ya danganta farkon kulle da tara mata masu yawa a fada ga Muhammadu Rumfa, wanda ya yi mulki daga 1463 zuwa 1499. Littafin ne kuma ya bayyana irin ƙarfin da uwar sarki take samu, inda ya nuna Madaki Auwa, mahaifiyar Sarki Abdullahi, tana da faɗa a ji a cikin masu mulki, har jikanta Muhammadu Kisoki ya riƙa tafiyar da gari tare da ita da mahaifiyarsa Iya Lamis. A Kano har yau uwar sarki ana kiranta Mai Babban Ɗaki, kuma wannan kujera ba ta tambayar ko macen da aure ta shigo ko da mallaka. Gidan Shehu Usmanu ɗan Fodiyo kansa ya ba da misali, domin Mariya, wadda ƙwarƙwararsa ce, ita ta haifi Isa Autan Shehu, da Maryam wadda ta auri Sarkin Kano Ibrahim Dabo ta kuma zama malama mai faɗa a ji bayan rasuwar yayarta Nana Asma'u.

A Faransa ta ƙarni na 17 al'amarin ya bi wata hanya dabam, kuma rayuwar Madam Montespan ta isa shaida. An haife ta a 1640 a gidan Rochechouart na Mortemart, ɗaya daga tsofaffin gidajen sarautar ƙasar, ta yi aure a 1663, sannan a wajejen 1667 ta zama farkar Sarki Luwi na 14 alhali mijinta yana raye, sarkin kuma yana da matarsa. Coci ba ta yarda da mace fiye da ɗaya ba, saboda haka zamanta da sarki zina ce a idon addininsu, amma fada ta ba ta matsayi sananne, da ɗakuna a Versailles, da dukiya, da ikon ɗaukaka mawaƙa da marubuta da nema wa 'yan uwanta muƙamai. Ta haifa wa sarki 'ya'ya bakwai, kuma daga 1673 ya fara amsa su a hukumance, sai dai hakan bai kai su ga gadon mulki ba: ko da Luwi ya yi doka a 1714 cewa 'ya'yanta maza biyu za su iya hawa karaga idan zuriyar aure ta ƙare, an soke dokar a 1717, shekara biyu bayan mutuwarsa. Ita kanta tauraruwarta ta dushe bayan da aka ambaci sunanta a binciken masu sayar da guba da aka fara a 1679, ta bar fada a 1691, ta rasu a 1707.

Bambancin a bayyane yake. Baturiyar 'ya ce, 'yar babban gida, tana fita ana ganinta, tana da dukiya da sunanta, amma ba ta da wata kariya ta doka, duk darajarta tana rataye ne da son sarki, ɗanta kuma shege ne komai yawan laƙabin da aka jibga masa. Sa-ɗaka kuwa baiwa ce da aka raba da iyayenta da ƙarfi, ba a nemi yardarta ba, ba ta fita sai da izini, amma shari'a ta tsare mata ɗanta, kuma ta wannan ɗa tana iya wayar gari ita ce babbar mace a masarauta. Sarakuna ma suna da dalilinsu na siyasa, domin ɗan da uwarsa ba ta da dangi a gari ba shi da kawunnan da za su taso suna neman rabo a mulki.

Ikon fili, irin wanda Montespan ta riƙe ba bisa ƙa'ida ba, a Maraɗi yana da kujerarsa ta halal, ita ce sarautar Iya. Sarki ne yake naɗa ta daga cikin matan gidan sarauta, ba daga matan aurensa ko ƙwaraƙwaransa ba, kuma tana da gidanta da fadawanta da makaɗanta. A ƙarni na 19 ita ce shugabar masu bori, ita ke jagorantar bukukuwansu da karɓar harajinsu, ita ke sasanta rigingimun mata masu zaman kansu, tana kuma da rabo a hatsin kasuwa, kamar yadda masanin nan M. G. Smith ya bayyana a nazarinsa kan tsarin mulkin Maraɗi. Tana zaune ne a gefen manyan masu zaɓen sarki huɗu, wato Kaura da Galadima da 'Yanɗaka da Durɓi, kuma a Tsibiri Inna tana da kwatankwacin wannan matsayi. A masarautun da jihadi ya kafa, inda aka ɗauki bori a matsayin shirka, wannan kujera ta fita daga hannun mata, har ya kasance a yau Iyan Katsina da Iyan Zazzau maza ne, alhali a ƙetaren iyaka, tafiyar da ba ta kai yini ba daga Jibiya, Iya tana nan mace. Da aka rufe wa 'ya'yan sarauta mata wannan ƙofa a kudu, sai tasirin mace a mulki ya koma cikin gida kacokan, ya rage a hannun iyayen sarakuna da manyan sa-ɗaka da jakadu.

Zuwan Turawa ya tsayar da hare-haren, ya kuma mayar da tsohon fagen yaƙi iyakar ƙasa, bisa yarjejeniyoyin Ingila da Faransa na 1904 da 1906. Dokar Gwamna Lugga ta 1901 ta hana cinikin bayi, ta kuma ce duk wanda aka haifa daga watan Afrilu na wannan shekara ɗa ne, amma ba a soke bauta gaba ɗaya a Arewacin Nijeriya ba sai 1936, Faransa kuwa ta yi tata dokar a 1905. Masana tarihi Paul Lovejoy da Jan Hogendorn sun nuna cewa hukumomin mulkin mallaka sun kau da kai daga sha'anin ƙwaraƙwarai domin kada su ɓata da sarakuna, shi ya sa wannan reshe na bauta ya fi kowane daɗewa. Ragowarsa ta kai har wannan zamani a wasu sassan Nijar da sunan wahaya, ko mace ta biyar, kuma a 2008 kotun ECOWAS ta samu gwamnatin Nijar da laifin kasa kare Hadijatu Mani, wadda aka sayar tana yarinya, duk da cewa ƙasar ta mayar da bauta laifi tun 2003.

Adalci ga waɗannan mata yana buƙatar a riƙe gaskiya biyu a lokaci guda. Gaskiya ce cewa tsarin Musulunci ya ba ɗan baiwa abin da Turai ta hana ɗan 'yar sarauta, kuma sarakuna da malamai da yawa na ƙasar Hausa daga irin waɗannan iyaye suka fito. Gaskiya ce kuma cewa ɗaukakar ɗa ba ta goge kamun da aka yi wa uwa, kuma a bayan kowace wadda tarihi ya riƙe sunanta saboda ta haifi sarki akwai ɗimbin waɗanda ba su haihu ba, aka raba su cikin gado kamar sauran kaya. Duk mai rubuta tarihin garuruwan kan iyaka irin su Kusa da Jibiya da Madarunfa, idan ya lissafa sarakuna da yaƙe-yaƙe, wajibi ne ya bi salsalar gidaje ta wajen uwa, ya duba takardun kotunan alƙalai na farkon ƙarni na 20 inda aka rubuta fansar bayi mata, domin a nan ne za a gane waɗanne garuruwa ne suka yi asarar 'ya'yansu, da kuma waɗanne gidajen sarauta ne suka ginu da su.